Kar ka sayi wani lens tukuna, saurara

Yarona, na ga hotunan da ka turo daga saman bene a unguwar Aboabo ta Kumasi, sama ta fito ja-ja, taurarin kuma 'yan kaɗan ne kuma duk sun yi jela, kana tambaya ko ka tara kuɗi ka sayi sabon lens. A'a, riƙe kuɗinka. Wannan lens 18-55 ɗin da muke ɗaukar suna da biki da shi ya isa.

Jan nan da ka gani hasken gari ne, fitilun Kumasi ne ke haska ƙura da raɓar da ke sama, kyamara kuma duk abin da ta samu shi take tarawa. Ko wane irin lens ka sa a Aboabo haka za ka samu. Sai ka fita gari. Ka shiga mota zuwa tafkin Bosomtwe, wajen kilomita 30 ne, ka samu gefen da babu fitila ka ba Kumasi baya. Kuma ka duba watan Musulunci, daga 27 ga wata zuwa 2 ga sabo shi ne lokacinka, don farin wata yana kashe taurari. Da hunturu kar ma ka wahalar da kanka, ƙura ce kawai, tsakiyar damina kuma hadari. Ni na fi son Maris da Afrilu, daren da ruwa ya wanke sama, ka tashi ƙarfe uku kafin asuba ka kalli kudu maso gabas, za ka ga farin zanen nan da ake ce ma Milky Way ya miƙe, wallahi abin yana taɓa zuciya. Sa manhajar taurari ta Stellarium a waya, zai nuna maka inda yake.

Jelar kuwa, sakan 30 da ka bar kyamara a buɗe ya yi yawa. Duniya juyawa take, digiri 15 kowace awa, kyamara na buɗe taurari na gusawa. Lissafin da muke yi shi ne ka raba 500 da tsawon lens, amma kyamararka ƙaramin sensa gare ta, don haka in ka sa zum a 18, kamar 27 ne, ya ba ka sakan 18. Ni dai 13 ko 15 nake sawa. Buɗe lens ɗin gaba ɗaya, f/3.5, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 1600 ko 3200, a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba.

Fokas ne inda nake so ka nutsu sosai. Kashe oto, kunna allon baya, nemo tauraro mafi haske ka zuƙo shi sau goma, sai ka riƙa juya zoben fokas a hankali a hankali, za ka ga ya kumbura ya zama ƙwallo, ya tsuke, ya sake kumbura, to inda ya fi ƙanƙanta nan za ka tsaya, ka manna masa salatif kar ya motsa. Kar ka taɓa zum bayan haka.

Kafa tirafod, wato ƙafar kyamara, a ƙasa mai tauri, sa taima na sakan 2 don hannunka kar ya girgiza ta. Bakin ruwa raɓa na sauka kan gilashi, ka riƙa haskawa kana dubawa. Ɗauki kamar 20 a jere ba tare da ka motsa komai ba, ka kawo katin shago in nuna maka yadda manhajar kwamfuta ta Sequator ke haɗa su ta rage tsakuwar nan da ISO ke sa wa hoto. Kuma ka tafi da wani, kar ka je kai kaɗai da dare.