Shaharar farfesa daban, ciniki daban

Tambaya: Malam, ina da makarantar nazare da firamare a Kano, ina kuma sayar da littattafai a gefe. Wani ya kawo mini tayin in biya a horar da malamaina biyu a kan wani shirin tarbiyyar yara mai suna Triple P, daga baya in riƙa koya wa iyaye suna biyana. Ya ce babban farfesa ne ya ƙirƙiro shi, kuma masana barkatai sun kafa hujja da bincikensa. Kuɗin da zan zuba na gyaran rufin ajujuwa ne. In shiga?

Amsa: Hajiya, kada ki taɓa kuɗin rufin nan.

Mutumin bai yi miki ƙarya a kan farfesan ba. Sunansa Matthew Sanders, masanin halayyar yara ne a Jami'ar Queensland da ke Brisbane a Ostireliya, kuma ya haura shekara 40 yana wannan aiki. Shirin nasa yana koya wa iyaye yadda za su shawo kan ƙiriniya da taurin kan yaro ba tare da duka ko tsawa ba, kuma yana da matakai biyar, tun daga faɗakarwa a kafafen watsa labarai har zuwa zama na musamman da iyalin da matsalarsu ta yi tsanani. Ana amfani da shi a ƙasashe sama da 25.

Sai dai abin da jami'a ke aunawa ba shi kike aunawa ba. Su can suna ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci aikin mutum a rubuce-rubucensu. Wanda ya ambace shi don yabo da wanda ya ambace shi don suka duk lissafi ɗaya ake yi musu. Wannan ƙirga ba ta faɗa miki ko uwa guda ɗaya a unguwarku za ta kwance bakin zani ta biya ba.

Hujjojin ma da kansu ba bakinsu ɗaya ba. A 2009 aka wallafa wani babban gwaji da aka yi a gundumomi 18 na jihar South Carolina a Amurka, wanda Ronald Prinz ya jagoranta. Ya nuna cewa inda aka shigar da shirin, an samu ƙarancin cin zarafin yara da ƙarancin raba su da gidajensu idan aka kwatanta da sauran gundumomin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a 2012 Philip Wilson da abokan aikinsa suka tattara bincike 33 a kan shirin, suka tarar 32 daga ciki da hannun mutanen da ke da alaƙa da Triple P aka rubuta su, kuma yawancinsu sun kwatanta iyayen da aka koyar ne da waɗanda ke jiran layi ba a yi musu komai ba. Mai fura ba ta cewa furarta ta yi tsami. Sannan birnin Glasgow da ke Scotland ya shimfiɗa shirin a ko'ina, rahoton da ya fito a 2014 kuwa bai ga wani sauyi a halayyar yaran birnin gaba ɗaya ba, iyalan da suka kai ƙarshen darussan ma ba su kai rabi ba. Masu shirin sun musanta sakamakon. Ni dai batun rashin kammalawar nan ne ya fi tsaya mini a rai, domin can ba iyayen ke biya ba, amma duk da haka suka watse.

Nan gizo ke saƙar. Wa ke sayen wannan haja? Jami'ar ce ke da mallakar shirin, ta ba kamfanin Triple P International lasisin yaɗa shi, kuma manyan masu sayensa gwamnatoci ne da hukumomin lafiya. A 2022 gwamnatin Ostireliya ta ware sama da dala miliyan 40 na ƙasarta don iyaye su samu darussan kyauta ta intanet. Ke kuma ana so ki sayar wa uban da har yanzu kike bin sa kuɗin makaranta na zangon da ya wuce. Ki ƙara da cewa shaidar horon ta malamin ce, ba ta makaranta ba. Ranar da ya samu aiki mai gwaɓi, da ita zai tafi. Littattafan da iyaye ke aiki da su ma saye ake yi da kuɗin waje, kin kuwa san yadda naira ta koma tun 2023.

Idan har ranki na kan abin, ga hanya mai araha. Da farko ki rubuta wa kamfanin kai tsaye ki tambaya ko sun san mai tayin nan a matsayin wakilinsu. In ya fara kame-kame, magana ta ƙare. Bayan haka ki duba shirin Parenting for Lifelong Health, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka haɗa hannu da jami'o'i irin su Oxford da Cape Town suka samar, aka gwada shi a Afirka ta Kudu cikin iyalai masu ƙaramin ƙarfi. Littattafan jagoransa kyauta ne, amma ki karanta sharuɗɗansu kafin ki ɗora wa kowa kuɗi a kai. Ki shirya zaman iyaye ranar Asabar na zango ɗaya, ki riƙe rajista, ki ga mutum nawa za su zo zama na farko, nawa za su kai na ƙarshe. Ribar da nake hango miki ba a ƙofar zaure take ba, tana wurin iyayen da za su bar 'ya'yansu a makarantarki, su kuma jawo maƙwabta.

Abu ɗaya kuma, Hajiya: horon 'yan kwanaki ba ya mayar da malamin aji likita. Yaron da ya daina magana, ko yake ji wa kansa ciwo, ko ya kasa barci na makonni, ki ce wa iyayensa su kai shi sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Rufin kuma a gyara shi kafin damina ta sauka.