Wai da gaske ne mata ne ke kayar da mata a zaɓe?

Tambaya: Malama, shekara 11 ina yi wa jam'iyyata hidima, ni ce ke tara mata ranar gangami, ni ce ke bi gida-gida ranar zaɓe. Yanzu ina son in tsaya takarar majalisa, amma duk wanda na tuntuɓa sai ya ce kada in ɓarnatar da kuɗina, mata ba sa zaɓen mace 'yar'uwarsu. Har na fara tsoron kada in sayar da ɗan abin da na mallaka in ƙare da kunya. Gaskiya ne?

Amsa: 'Yar'uwa, tsoronki yana da dalili, amma an nuna miki ƙofar da ba ta nan ɓarawon ke shigowa ba. Wannan magana ta "mata ne maƙiyan mata" babu taron da zan je ban ji ta ba, kuma ta ishe ni. Tana da haɗari domin tana ɗora laifi a kan wadda ta tsaya a layi cikin rana da goyo a bayanta, ta wanke mutanen da suka rufe ƙofa suka rubuta sunayen da aka kai mata.

Mai jefa ƙuri'a tana zaɓa ne daga abin da ta tarar a takarda. Idan sunaye goma aka jera mata, manyan jam'iyyu duk maza suka tsayar, mace ɗayan da ke ciki kuma tana jam'iyyar da ko wakili ba ta da shi a rumfar zaɓe, ta yaya za a ce mata sun ƙi mace? Mafi yawan matan da ke faɗuwa, tun a zaɓen fidda gwani suke faɗuwa. Can daliget, wato wakilan da ke zaɓar wa jam'iyya ɗan takara, ne ke magana, kuma akasarinsu maza ne da wani uban gida ya ɗora. Can ake kiran taro ƙarfe ɗayan dare, a ce an yi maslaha, da safe ki ji a rediyo wai kin janye. Can ne kuma za a tuna cewa ke aure ya kawo ki mazaɓar, a garin iyayenki a ce ai kin zama ta wasu.

Dubi Senegal. Kafin 2010 matan majalisarta ba su kai kashi 25 cikin 100 ba. A shekarar aka yi dokar da ta tilasta wa jam'iyyu jera sunaye bi da bi, namiji sannan mace, jerin da ya saɓa kuma ba a karɓarsa. Zaɓen 2012 ya kawo mata 64 cikin kujeru 150. Masu zaɓen dai su ne na jiya, ba a sauya musu zuciya cikin shekara biyu ba. Takardar da aka miƙa musu ce ta sauya. Ruwanda ta ware wa mata kujeru 24 cikin 80 a tsarin mulkinta na 2003, zuwa 2008 mata sun fi rabin majalisar, wato sun ci har da kujerun da ba a ware musu ba. Najeriya kuwa, wadda ta rubuta ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai a manufarta ta jinsi tun 2006 ba tare da wata doka mai haƙori ba, bayan zaɓen 2023 mata 4 kacal ta samu cikin sanatoci 109. A Maris na 2022 majalisarta ta yi watsi da ƙudirin ƙara wa mata kujeru.

Ban ce babu macen da ke ƙin mace ba. Akwai, kamar yadda akwai namijin da ke ƙin namiji, ba a taɓa cewa maza maƙiyan maza ne ba. Abin da ke ci mini rai shi ne masu shirya taron bita da ke karɓar kuɗi don "wayar da kan mata", su tara su a zaure kwana uku ana koya musu yarda da kai, alhali ko mutum ɗaya daga cikin masu riƙe da tikiti ba a gayyato ba.

Sauran matsalolin kin san su: kuɗi, 'yan daba, da ƙazafin da ake yi wa mutuncin mace wanda ba a yi wa namiji. Rangwamen kuɗin fom da jam'iyyu ke tallatawa ƙaramin abu ne cikin abin da takara ke ci, kada ya ruɗe ki.

Don haka kafin ki sayar da komai, nemi tsarin mulkin jam'iyyarki ki karanta yadda ake fitar da ɗan takara, ƙato bayan ƙato ne, wato duk 'yan jam'iyya su zaɓa da kansu, ko ta daliget. In ta daliget ne, samo jerin sunayensu, ki zauna da biro ki ƙirga nawa ne za su tsaya miki ko da uban gida ya buga waya. Matan da kika tara shekara 11, tura su su nemi kujerun shugabancin mazaɓa da na daliget tun yanzu. In lissafin ya nuna ba ki kai rabi ba a wannan karo, ajiye kadararki, ki sa ƙarfinki a zaɓen shugabannin jam'iyya da ke tafe.