Ina ake samun jerin makarantun yanki, kuma yaya ake kaiwa ga shugabanninsu?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Muna da wata ƙaramar ƙungiya ta ma'aikatan lafiya, muna son mu riƙa duba idanun ɗalibai kyauta a makarantun yankinmu, firamare da sakandare. Ni aka ɗora wa alhakin tattaro sunayen makarantun da na shugabanninsu. Na bincika a intanet, abin da na samu bai taka kara ya karya ba. Wasu lambobin ba sa shiga, na kuma tura imel wurare da dama, har yau babu wanda ya amsa. A ina ake samun cikakken jerin makarantu? Kuma ta yaya ake tunkarar shugaban makaranta har ya saurari mutum?

Wata mai karatu

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ku ladan wannan niyya. Akwai yara da yawa da ake yi wa kallon marasa ƙoƙari a aji, alhali rubutun allo ne kawai ba sa gani, don haka aikin naku yana da amfani ƙwarai. Shirun da aka yi miki kuma kada ya karya miki gwiwa, yana da dalili.

Shugaban makarantar gwamnati ma'aikaci ne, akwai na sama da shi. Ko da ya karanta saƙonki ya yi na'am da shi, ba shi da hurumin buɗe wa baƙi ƙofa su zo su taɓa 'ya'yan mutane ba tare da izini ba. In wani abu ya faru, shi za a fara tuhuma. Saboda haka abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya yi shiru. Ofishin da zai ba shi wannan izini kuwa shi ne dai ofishin da jerin makarantun yake hannunsa. Kin ga ke nan tambayoyinki biyu amsarsu tana wuri ɗaya, kuma daga can ya kamata ki fara.

Abu na farko shi ne ki gano wace hukuma ce ke riƙe da wace makaranta, domin da wuya a samu ƙasar da duk makarantunta ke ƙarƙashin ofishi guda. A Najeriya, tun bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, kowace jiha tana da hukumar SUBEB mai kula da ilimin matakin farko, a ƙananan hukumomi kuma akwai ofishin ilimi da sakataren ilimi ke jagoranta. Manyan sakandare suna hannun ma'aikatar ilimi ta jiha ko wata hukuma da ke ƙarƙashinta, kwalejojin tarayya kuma suna amsa umarni ne daga ma'aikatar ilimi ta tarayya, ko da kuwa katangarsu ɗaya da makarantar jiha. A Nijar sufetocin ilimi ne ke da kusanci da makarantu. A Gana akwai ofisoshin ilimi na gundumomi. A Amurka kuwa makarantun gwamnati suna ƙarƙashin gundumomin ilimi kusan 13,000, kowace da hukumarta. Sunaye ne suka bambanta, amma a ko'ina akwai wani ofishi mafi kusa da makaranta wanda ya san ta ciki da bai. Tunda kuna son firamare da sakandare duka, ki sa a ranki cewa ofisoshi biyu za ki je, wataƙila uku.

Jerin da kike nema yana nan a rubuce. Ma'aikatun ilimi suna yin ƙidayar makarantu, galibi shekara-shekara: a aika wa kowane shugaba fom ya cike yawan ɗalibai maza da mata, yawan malamai, azuzuwa, bandaki, ruwa, da sauransu. Ana tattara wannan a sashen tsare-tsare, bincike da ƙididdiga na ma'aikatar. Mutane da yawa suna zarya a ofishin kwamishina ko babban sakatare, ba su san jami'in ƙididdiga da ke can ƙuryar bene shi ke riƙe da abin da suke so a kwamfutarsa ba. In kin same shi, ki faɗi ainihin abin da kike buƙata: sunan makaranta, lambarta, unguwa ko ƙauyen da take, matakinta, da yawan ɗalibanta. Ki tambayi shekarar da aka yi ƙidayar, ki rubuta a saman takardar.

Kada ki raina maganar lambar makaranta. Sunaye suna maimaituwa sosai, za ki iya samun makarantu uku masu suna iri ɗaya a yanki ɗaya, wani lokacin ma firamare da ƙaramar sakandare da babba suna zaune a haraba guda, kowace da shugabanta. Lamba ce ke raba gardama. A Indiya kowace makaranta tana da lamba mai alƙaluma 11, biyun farko na jiha, biyu na gaba na gunduma, haka har a sauko kan makarantar kanta. Tsarin wasu ƙasashe bai kai haka ba, amma duk inda ake ƙidaya akwai wata lamba. Sakandaren da ke zana jarrabawar WAEC ma kowace tana da lambar cibiya, kuma wannan wata hanya ce ta tabbatar da cewa makaranta tana nan da gaske.

Intanet yana da nasa amfanin, sai dai ya danganta da inda kike. A Ingila ma'aikatar ilimi tana da rajista a buɗe, mutum zai ga adireshin makaranta da lambar wayarta da sunan shugabanta. A Amurka ma cibiyar ƙididdigar ilimi ta ƙasa tana wallafa jerin makarantun gwamnati da adireshinsu. A ƙasashe da yawa babu irin wannan, sai dai a yi ta tsintar bayanai. Taswirar Google da ta OpenStreetMap suna taimakawa wajen gane hanya, amma mutane ne ke saka bayanan, makarantun karkara da yawa ba sa ciki, wasu kuma an ɗora su a inda ba nan suke ba. Akwai kuma shirin Giga, wanda UNICEF da hukumar sadarwa ta duniya ITU suka ƙaddamar a 2019 domin sanya makarantun duniya a taswira da kai musu intanet. Zai nuna miki inda makaranta take, ba zai gaya miki wanda ke shugabancinta ba. Shafukan Facebook na makarantu kuwa sau da yawa wani malami ne ko tsohon ɗalibi ya buɗe, ya bar wurin, shafin ya zama kufai. Imel ɗin da kika tura mai yiwuwa irin waɗannan akwatunan ya faɗa, babu mai buɗe su.

Makarantu masu zaman kansu lissafinsu daban. Waɗanda suka yi rajista suna cikin kundin ma'aikata, a sashen da ke ba su lasisi. Waɗanda ba su yi ba, ko suke kan hanyar yi, ba za ki gan su a kowace takarda ba, kuma sau da yawa 'ya'yan marasa ƙarfi ne a cikinsu, wato waɗanda suka fi buƙatar aikinku. Ana samunsu ta ƙungiyar masu makarantu, irin NAPPS a Najeriya, ko ta bin unguwa da ƙafa. A nan mai makarantar ne ke da ta cewa, shugaban da ya ɗauka aiki ba zai yanke komai ba sai ya ji daga gare shi. Ki tambayi wanda ke yanke shawara tun a zuwan farko, don kada ki yi ta maimaita bayani.

Sunayen shugabanni su ne suka fi saurin tsufa a cikin kowane jeri. Makaranta tana nan inda take shekara da shekaru, amma shugaba yau yana nan, gobe an yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya. Saboda haka a wasiƙa ki rubuta muƙami: Shugaban Makaranta kaza. Duk wanda ke kan kujerar zai buɗe. In kika sa sunan wanda ya tashi, wasiƙar tana iya zama a aljihun tebur tana jiran mutumin da ba zai dawo ba. In kuma sunayen kike buƙata, jami'an da ke zagayen duba makarantu su suka fi kowa sani, don su ke shiga makarantun kullum. Da ɗan gari kan ci gari.

Ga wata dabara da nake ganin ta fi duk sauran. Shugabannin makarantu suna da tarukansu, wanda ofishin ilimi ke kira da wanda ƙungiyarsu ke shiryawa, kamar ANCOPSS ta shugabannin sakandare a Najeriya. Ki roƙi a ba ki minti biyar a irin wannan taro. Za ki tsaya gaban su duka lokaci guda, shugabansu ne ya gabatar da ke, sun ga fuskarki, sun yi tambayoyinsu. Ki zagaya da takarda, duk mai so ya rubuta sunansa da makarantarsa da lambar da yake son a kira shi. Lambar da mutum ya ba ki da hannunsa, in kin kira zai ɗauka.

Yanzu maganar takardar neman izini. Shafi ɗaya ya isa, a kan takardar ƙungiya mai ɗauke da sunanta da adireshinta. Ki faɗi ko su wane ne ku, da lambar rajistarku in kuna da ita, me za ku yi, a waɗanne makarantu, a wane lokaci, mutum nawa za su shiga, kuma minti nawa za ku ɗauka a kowane aji. Ki rubuta ƙarara cewa ba za a karɓi kuɗi daga ɗalibi ko makaranta ba, kuma ba talla za ku yi ba, domin wannan ne abin da jami'in zai fara zargi. Tunda aikin lafiya ne, ki haɗa da shaidar ƙwarewar masu dubawar da amincewar hukumar lafiya ta yankin. Ki kuma faɗi abin da za a yi wa yaron da aka gano yana da matsala: ina za a tura shi, wa zai sanar da iyayensa. Takardar da ba ta amsa wannan ba, rabin aiki ce.

Ki buga kwafi biyu ki kai da kanki sashen karɓar wasiƙu na ofishin ilimin. Akawun zai shigar da ita a littafi, ki miƙa masa kwafi na biyu ya buga hatimi, ya sa kwanan wata da hannu, ki tafi da shi. Ki tambaye shi teburin wa za ta je, kuma yaushe ya dace ki dawo. Bayan mako guda ki koma da kwafin nan a hannu. In aka ce ba a ga takardar ba, hatimin da kwanan watan su za su sa a buɗe littafi a bi sawunta. Ki gaisa da akawun nan da mutunci, ki riƙe sunansa, don shi ya san inda kowane fayil ya kwana. Abin da kike fata a ƙarshe shi ne wasiƙar gabatarwa zuwa ga shugabannin makarantu, in da hali kuma ofishin ya aika musu da sanarwa ta hanyar da ya saba, ko da a zaurensu na WhatsApp ne.

Da wasiƙar nan a jaka, sai ziyara, don zuwa da kai ya fi saƙo. Kada ki je lokacin taron safe ko farkon shiga aji, shugaba yana tsaye a kan makararru da malaman da ba su iso ba. Tsakiyar safiya ta fi. Ki tsaya wurin maigadi, ki sa hannu a littafin baƙi, ki jira a yi miki iso. Kada ki zarce azuzuwa, kada ki ɗaga waya ki ɗauki hoto. In kin shiga, bayan gaisuwa ki miƙa wasiƙar, ki bar shi ya karanta kafin ki fara bayani. Sannan ki nemi abu ƙarami wanda zai iya amsawa nan take: rana ɗaya, ɗaki ɗaya mai haske, da malami ɗaya da za ku riƙa magana da shi. Malamin nan shi ne zai zama abokin aikinku na haƙiƙa. In shugaban ba ya nan, mataimakinsa ya wadatar, a makarantu da yawa ma shi ke riƙe da jadawali. Ki tambayi shugaban wace rana ce ta fi musu sauƙi, maimakon ki zo da taki a yanke.

Ki nemi kalandar karatu tun a ofishin ilimi. Makon farko na zango ana fama da rajista da komawar ɗalibai, makonnin ƙarshe kuma jarrabawa. Tsakiyar zango ne ake samun sarari. A Najeriya, saboda jarrabawar WAEC, watannin Mayu da Yuni ba lokacin tunkarar babbar sakandare ba ne.

Izinin ofis da na shugaba ba su maye gurbin na iyaye ba. Ki shirya gajeriyar takardar amincewa cikin harshen da iyayen ke ji, ki kuma roƙi shugaban ya haɗa ku da ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin gudanar da makaranta. In su suka yi wa jama'a bayani, jita-jita ba ta samun wurin zama. Lambobin shugabannin da sakamakon gwajin yaran kuma amana ce, doka ma ta shigo ciki: Tarayyar Turai tana aiki da dokar kare bayanan mutane tun 2018, Najeriya ta yi tata a 2023, ƙasashe da dama ma haka. Kada a zuba lambobin a zauren WhatsApp ba da yardar masu su ba, kada a ba wani ɗan kasuwa, kada kuma a sa hoton yaro a intanet sai da izinin iyayensa.

Shawarata kada ku ɗauki yankin gaba ɗaya a tashin farko. Ku fara da makarantu kaɗan waɗanda shugabanninsu suka nuna sha'awa, ku cika alkawarin rana da lokaci, sannan ku aika wa kowane shugaba da ofishin ilimi rahoto na shafi ɗaya: yara nawa aka duba, nawa aka tura asibiti, ba tare da sunayensu ba. Shugabanni suna hira da juna, labarin zai riga ku isa sauran makarantun. Waɗanda suka yi shiru kuma, ki jira mako biyu ki sake tuntuɓa sau ɗaya, in ba a dace ba ki sa su a jerin zango mai zuwa, ki haɗa musu da kwafin rahoton.