Ana zuwa Kagoshima kuwa, ga dutse yana aman wuta a gabanta?

Tambaya: Malam, ina karatu a Fukuwoka ta ƙasar Japan. Abokaina sun ce mu je Kagoshima hutu, amma da Hajiyata ta ji akwai dutse mai aman wuta a gefen garin sai ta ce ba da yawunta ba. Me zan ce mata?

Amsa: Ɗan'uwa, tsoron Hajiya ba na banza ba ne. Dutsen nan, Sakurajima, tun 1955 kusan bai huta ba, wata shekarar ma yakan yi aman ɗaruruwan lokuta. Tsakaninsa da tsakiyar birnin akwai teku mai faɗin kilomita huɗu kacal. Amma ka faɗa mata mutum kusan 600,000 ne ke kwana su tashi a garin, har a jikin dutsen kansa akwai ƙauyuka da gonaki da makarantu.

Abin da zai dame ka toka ce, wuta tana can nesa. Kada ka ɗauka irin tokar murhu ce mai laushi, ko ƙurar hunturun Kano. Garin dutse ne mai kaifi, ka ji shi yana ƙas-ƙas a haƙori. In ya faɗa ido kada ka murza, ka wanke da ruwa. Masu mota ma ba sa goge gilashi da busasshen tsumma, don sai ya karce. Hukumar birni tana raba ledoji ruwan ɗorawa da ake tara tokar a ciki, za ka gan su jibge a bakin titi suna jiran motar kwashewa. Ka riƙe takunkumi da tabarau da laima. Kowace safiya kuma ka duba hasashen yanayi, domin a can har inda iska za ta kaɗa hayaƙin ake faɗa. Lokacin zafi ta fi turo tokar cikin birni, lokacin sanyi ta fi kai ta gabas, yankin Osumi. Da ni ne, da sanyi zan je.

Batun haɗari kuwa, hukumar yanayi ta Japan tana da matakan gargaɗi biyar. Dutsen ya daɗe a mataki na 3, wato an hana kusantar bakin ramin da ƙasa da kilomita biyu. A watan Yulin 2022 an ɗaga zuwa 5, aka kwashe wasu mazauna gefen dutsen, bayan kwana uku aka sauko. Saboda haka ka duba matakin kafin ka yanki tikiti. Hawan ƙololuwa mai tsayin mita 1,117 kam ka cire shi a ranka. Iyakar mai yawon buɗe ido ita ce wurin kallo na Yunohira, mita 373.

Daga tashar Hakata da ke Fukuwoka jirgin ƙasa mai gudun tsiya zai kai ka Kagoshima cikin kusan awa ɗaya da rabi, sannan jirgin fito ya tsallakar da kai gindin dutsen cikin minti goma sha biyar. A can za ka ga ɗakunan kankare na fakewa a gefen hanya, da yara 'yan makaranta sanye da hular kwano kamar 'yan acaɓa. Ka daure ka kai ƙauyen Kurokami. Akwai ƙofar wani wurin bauta da tsayinta ya kai mita uku, aman watan Janairun 1914 ya binne ta, kanta kawai ya rage a waje. Aman nan ne ya cike mashigin ruwa da narkakken dutse har Sakurajima, wanda a da tsibiri ne, ya haɗe da tudu, mutum 58 suka rasu. Kusa da tashar fito kuma akwai doguwar kwatamin ruwan ɗumi mai tsawon mita ɗari, kyauta ake tsoma ƙafa. Nan ya dace ka ɗauki hoton da za ka tura wa Hajiya.

Sai abinci, kuma a nan ne na fi so ka buɗe ido. Garin ya yi suna da naman baƙin alade, yana shiga har cikin romon taliya. Ka tsaya kan kifi da dankalin Hausa, wanda Japanawa ke kira da tsohon sunan yankin, Satsuma. Soyayyen ƙosan kifinsu ma ka tambaya tukuna, wasu na zuba barasa a kwaɓin.