Amsa ga ƙanena kan ƙauyen Abyane

Assalamu alaikum, ƙanena. Na ga saƙonka tare da hoton jajayen gidajen nan. Kana tambaya ina ne, mutum nawa ke ciki, kuma ko za ka iya kama haya a can in Allah Ya ba ka gurbin karatu, tunda ka ji an ce haya a nan birnin Ƙum na ƙasar Iran da tsada.

Sunan ƙauyen Abyane. Yana lardin Isfahan, gundumar Natanz, a jikin duwatsun Karkas, tsayin wurin ya haura mita 2,000 daga teku. Daga Ƙum wajen kilomita 100 ne zuwa Kashan, daga Kashan kuma kamar 80, ƙarshen hanyar duk hawa ne da kwana-kwana. Wa zai yi wannan sammakon kullum don zuwa aji?

Ƙidayar 2006 ta sami mutum 305 a gida 160. Ka lissafa da kanka: ko mutum bibbiyu ba su kai ba a kowane gida. Ban gane ma'anar wannan adadi ba sai da na taka ƙafata can. Ginin jar ƙasa ne, har ya tuna mini da gidajen cikin birni a wajenmu, amma lungu bayan lungu ƙofofi a garƙame da kwaɗo. Wata tsohuwa na tarar a bakin ƙofarta, da farin kallabi mai furanni, tana sayar da busasshen tuffa. Ta ce 'ya'yanta duk suna Tehran, sai lokacin biki suke leƙowa. Da ta juya tana magana da maƙwabciyarta, ko kalma ɗaya ban tsinta ba, ga shi shekarata huɗu ina jin Farisanci. Suna da tsohon harshensu na kansu. Wallahi ta ba ni tausayi. Mu a gida ɗan ci-rani yakan dawo da damina, su nasu sun tafi ke nan.

To ka ga ba wurin zaman ɗalibi ba ne. Ba jami'a, ba aikin da baƙo zai kama, ga dusar ƙanƙara da hunturu. Ka fara tambayar makarantarka batun ɗakin kwanan ɗalibai tun kafin ka sayi tikiti. In ka iso lafiya, bayan hutun Nauruz, wato sabuwar shekarar Iraniyawa, sanyi ya ragu, ni da kaina zan kai ka ka ga tsohon mumbarin katako na masallacin Juma'arsu. Ka taho da rigar sanyi mai kauri. A gaida su Inna.