Tambaya da Amsa: Wa Ya Gina Dalar Giza, Kuma Don Me?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne. Wani ɗalibina ya ga hoton dalar Masar a littafi, ya tambaye ni wa ya gina ta, na ce masa Fir'auna. Ya ce don me, na rasa ta cewa. Da na kai maganar majalisarmu, wani ya ce aljanu ne suka yi aikin, wani ya ce Bani Isra'ila ne da aka bautar, wani kuma ya rantse cewa rumbunan hatsin Annabi Yusuf ne. Don Allah a warware mana.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka gaishe min da ɗalibin nan, ya iya tambaya.

Dala dai kabari ce. Sarakunan Masar na dā ne suka sa aka gina musu, kuma Misirawa ne suka gina, da igiya da katako da jan ƙarfe da ruwan Kogin Nilu. Babbar cikinsu, wadda nake zaton ita yaron ya gani, tana Giza a gefen Alƙahira. Ta Sarki Kufu ce, an gama ta wajen shekara ta 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tsayinta na asali ya kai mita 146, kowane gefe na gindinta mita 230, kuma ta shafe kusan shekara 3,800 babu ginin da ya kere ta a duniya.

Kafin a gane dalilin wannan wahala sai an san yadda mutanen suka ɗauki mutuwa. A wurinsu mutum ba jiki da rai ba ne kawai. Akwai abin da suke kira "ka", ƙarfin rayuwar mutum, wanda ke ci gaba da bukatar ci da sha bayan mutuwa. Akwai "ba", wanda suke zanawa da siffar tsuntsu mai kan mutum, yana fita yawo da rana ya dawo wurin gawar da dare. Idan gawa ta ruɓe, ba shi da masauki. Shi ya sa suka dage wajen busar da gawa, kuma abin da suke busar da ita da shi ɗan'uwan kanwar nan ne da muke jefawa a miya, suna haƙo shi a wani kwari da har yau ake kira Wadi Natrun.

Wannan na kowa da kowa ke nan. Na sarki ya fi haka nauyi, domin sun ɗauka shi ne tsani tsakanin mutane da abubuwan bautarsu, shi ke riƙe da tsarin duniya da suke kira "ma'at": fitowar rana, zuwan ambaliyar Nilu a kan lokaci, zaman lafiyar ƙasa. Idan ya mutu, dole ya isa sama ya haɗu da Ra, abin bautarsu na rana, ya ci gaba da wannan aiki daga can. Don haka kabarin sarki lamari ne na ƙasa baki ɗaya.

Siffar ma ba a banza ta zo ba. Misirawa sun yi imani cewa da farko duniya duk ruwa ce, sai wani tudu ya ɓullo, rayuwa ta fara a kansa. Ba su yi nisa wajen nemo wannan hoto ba, don kowace shekara idan ambaliya ta fara janyewa, tuddai ne ke fara leƙowa. A birnin bautar rana da Girkawa suka kira Heliyofolis akwai wani dutse mai tsini da ake girmamawa, sunansa "benben", alamar wancan tudu. Dala babbar siffarsa ce. Ka kuma dubi hasken rana idan ya keto ta cikin gajimare ya bazu ƙasa, za ka ga dala ce tsaye. Addu'o'in da aka sassaƙa a bangon dalar Sarki Unas, wajen shekara ta 2350 kafin Miladiyya, suna ta maganar hawan sarki zuwa sama. Ana gina dala a yammacin kogi, inda rana ke faɗuwa, ƙofarta kuma na duban arewa, wajen taurarin da ba sa faɗuwa duk dare, waɗanda suke kira marasa halaka.

Dala ba ita kaɗai take tsayuwa ba. Akwai ɗakin bauta a jikinta, da wani a bakin ruwa, da doguwar hanya mai haɗa su, da masu hidima da ke kai burodi da nama kullum, da gonakin da aka ware don ciyar da su. A 1954 an tono wani jirgin ruwa a gindin dalar Kufu, na katakon da aka kawo daga Lebanon, a wargaje gunduwa 1,224. Da aka harhaɗa shi, tsawonsa ya kai mita 43.

Yanzu batun aljanu. Ni hujjar da ta fi gamsar da ni cewa 'yan Adam ne suka yi wannan aiki ita ce kurakuransu, waɗanda har yau suna nan tsaye kowa na gani. Sarakunan farko a ƙarƙashin wani gini na tubalin laka ake binne su, mai kama da dakali, shi ya sa ake kiransa "mastaba", wato dakali da Larabci. Wajen 2650 kafin Miladiyya, Imhotef, maginin Sarki Joser, ya ɗora irin wannan dakali a kan wani har hawa shida, da dutse, a Sakkara. Tsayinsa kimanin mita 60. Sai Sarki Sinefaru, mahaifin Kufu, ya so dala mai santsin gefe. Ya fara ɗaya a Dahshur, gefenta a miƙe sosai, kusan digiri 54. Ana cikin aiki gini ya fara tsagewa, ƙasan ta gaza ɗaukar nauyin. Sai magina suka karya kwana daga tsakiya, suka koma digiri 43, suka ƙarasa ta a lanƙwashe. Duk wanda ya ga hotonta zai gane inda hankalinsu ya tashi. Suka matsa gefe suka sake wata, tun daga tushe da digiri 43, ita ce Jar Dala, kuma ta tsaya daram. Kufu ya gaji maginan da suka riga suka ci kwakwa a aikin ubansa. Da koyo akan iya.

A dalar Kufu akwai duwatsu kimanin miliyan 2.3, matsakaicin nauyin kowane kusan tan biyu da rabi. Yi lissafi da ɗalibanka, zai yi musu daɗi: idan aikin ya ɗauki shekara 20, ana aza dutse wajen 315 ke nan kullum, wato ɗaya duk minti biyu in ana aikin awa goma. Abin da ya sauƙaƙa shi ne mafi yawan duwatsun a nan Giza aka fasa su, 'yan ɗaruruwan mitoci daga wurin ginin, ramukan na nan har yanzu. Dutsen farar ƙasa ne mai ɗan laushi. Su haƙa lambatu kewaye da shi da kayan sassaƙa na jan ƙarfe, su ɓamɓaro shi ta ƙasa da gungumen itace. Baƙin ƙarfe bai shigo hannunsu ba tukuna. Jan dutsen nan mai tauri da aka yi ɗakin sarki da shi kuwa daga Aswan aka kawo shi, fiye da kilomita 800 a kudu, wasu gungumen sun kai tan 25 zuwa 80. Shi sai dai a yi ta dukansa da wani dutsen da ya fi shi tauri, ko a goga shi da zarton jan ƙarfe ana zuba yashi, yashin ke yin yankan.

Wa zai ɗauko tan 50 daga Aswan? Kogi. A nan ne labarin ya fi yi min daɗi. A 2013 wani masani Bafaranshe, Pierre Tallet, ya gano wasu tsofaffin takardu a Wadi al-Jarf, a gaɓar Bahar Maliya. Su ne rubutattun takardu mafi tsufa da aka taɓa samu a Masar. Littafin aikin wani shugaban ma'aikata ne mai suna Merer, wanda ke da mutum kimanin 40 a ƙarƙashinsa a ƙarshen mulkin Kufu. Kullum yana rubuta abin da suka yi: yau mun yi lodin dutse a mahaƙar Tura, gobe mun taso da jirgi, mun kwana a Tafkin Kufu, mun sauke a Giza, mun koma. Kusan duk kwana goma sai sun yi sawu biyu ko uku. Ya ambaci mai kula da aikin, Ankhaf, ɗan'uwan sarki. Farin dutsen Tura da suke jigila shi ne aka lulluɓe dalar da shi, tana sheƙi daga nesa. Ka ga babu tsafi a wannan takarda, rajista ce irin ta direban tifa.

A tudu kuma jan su ake yi a kan wani shimfiɗaɗɗen katako marar taya. A kabarin wani hakimi mai suna Jehutihotef, wanda ya zo ƙarnuka bayan Kufu, akwai zanen da ke nuna mutum 172 suna jan wani ƙaton gunki da igiyoyi. Wani na tsaye a kan gwiwar gunkin yana tafi don a ja tare, wani kuma a gaba yana kwarara ruwa daga tulu. An daɗe ana zaton wannan ruwan na bauta ne, sai a 2014 masana a Jami'ar Amsterdam suka gwada, suka ga idan aka jiƙa yashi daidai gwargwado, ƙarfin da ake bukata wajen ja yana raguwa da kusan rabi. Duk wanda ya taɓa tura kura a cikin rairayi ya san wannan.

Hawa da su sama kuwa da tudun ƙasa da ɓaraguzai ake yi, ana ƙara masa tsawo gwargwadon tashin gini. An samu ragowar irinsa a wurare da dama, ciki har da wani mai tsananin gangara da aka gano a 2018 a mahaƙar Hatnub, da matakala a gefe biyu da ramukan turaku inda ake naɗa igiya. Masana sun kasu kan siffar na Giza, wasu sun ce miƙaƙƙe ne, wasu sun ce kewaya dalar yake yi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne awo: gefunan dalar Kufu huɗu sun fuskanci gabas, yamma, kudu da arewa, kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ɗaya ba.

Su wa suka yi aikin? Marubucin nan na Girka, Herodotus, ya ce mutum 100,000 ne, amma ya ziyarci Masar ne shekara dubu biyu bayan an gama, labari aka ba shi. Masana yanzu sun fi karkata ga 20,000 zuwa 25,000. An tono garinsu a kudancin Giza, a wurin da ake kira Haiɗ al-Gurab, wato Bangon Hankaka: ga gidajen burodi da tukwanen gashi, ga ɗakunan kwana, ga tarin ƙasusuwan shanu da tumaki da awakin da suka ci. A 1990 wani doki ya yi tuntuɓe da wani bango a cikin yashi, da aka tona sai ga maƙabartar ma'aikatan, dab da dalar sarkinsu. A ƙasusuwansu an ga karaya da aka ɗora ta warke. Rukuni-rukuni suke aiki, kowane da sunansa, har suna rubuta shi a jikin duwatsu: akwai Abokan Kufu, akwai ma Mashayan Menkaure, wani sarki jikan Kufu.

Kada dai a ɗauka gayya ce ta ganin dama. Akwai ƙwararrun da ke zaune a wurin shekara da shekaru, sauran kuwa talakawa ne da ake ɗebowa daga ƙauyuka su yi wa'adinsu su koma, aikin sarki ne da ba a cewa a'a. Babu kuɗi a lokacin, da burodi da giyar sha'ir ake biyansu. Ƙashin bayan da yawansu ya nuna cin wuya, kuma ba su cika yin tsawon rai ba.

Maganar Bani Isra'ila lissafin shekaru ya kore ta. Masu neman zamanin Annabi Musa (AS) a tarihin Masar sun fi kai shi wajen mulkin Ramsis na Biyu, 1279 zuwa 1213 kafin Miladiyya, fiye da shekara 1,200 bayan Kufu. Kalmar Fir'auna kanta asalinta "per-aa", wato babban gida, kuma sai a wancan zamani na baya aka fara kiran sarki da ita. Saboda haka, Malam, amsar da ka ba yaron tana bukatar ɗan gyara. Batun rumbu kuma tsohuwar magana ce, Turawan dā ma sun yi ta yaɗa ta. Amma cikin dala kusan duk dutse ne cunkus. Ta Kufu ɗakuna uku gare ta, hanyar shiga wasunsu sai ka sunkuya. A ɗakin sarki akwai akwatin gawa na jan dutse wanda ya fi hanyar shigowa faɗi, alamar tun ana cikin gini aka ajiye shi. Mu da muka san dalar gyaɗa a Kano ba laifi in mun haɗa dala da amfanin gona, amma siffa kawai suka haɗa.

Abin da ya kashe al'adar gina dala a Masar shi ne tsada da ɓarayi. Dala tana shelar inda dukiya take, kuma kusan dukkansu an yashe su tun zamanin dā. Daga wajen 1500 kafin Miladiyya sarakuna suka koma haƙa kaburbura a ɓoye cikin duwatsu, a Kwarin Sarakuna kusa da Luksor. Farin lulluɓin dalar Kufu kuwa, bayan girgizar ƙasa ta 1303 aka riƙa kwasarsa ana gine-gine a Alƙahira, shi ya sa yau take kamar matakala. Sarakunan Kush ne suka farfaɗo da ginin dala daga baya, a ƙasar Sudan ta yau, a Kurru da Nuri da tsohon birnin Meroe. Nasu ƙanana ne masu tsini, amma sun haura 200, sun fi na Masar yawa.