Gishiri ko yashi? Amsoshin tambayoyinku kan santsin ƙofar gida a ƙasashen ƙanƙara

Tun da hunturu ya kankama, yawancin saƙonnin da ke shigowa daga 'yan'uwa mazauna Turai da Amurka kan abu ɗaya suke: ƙanƙarar da ke daskarewa a bakin ƙofa da kan matakala. Ga huɗu daga ciki.

Malam, na shiga kanti a Minneapolis na tarar da buhunan gishirin ƙanƙara iri-iri, wani ya ninka wani kuɗi. Na ɗauki mai araha, na zuba rabin buhu a matakalarmu, da safe ƙanƙara tana nan daram. Cutata aka yi?

Ɗan'uwa, babu wanda ya cuce ka, sanyin ne ya fi ƙarfin abin da ka saya. Wannan mai arahar gishirin dutse ne, sodiyam kuloraid, ɗan gida ɗaya da gishirin miya, sai dai shi gaɓa-gaɓa ne kuma ba a tace shi ba. Ba zafi yake da shi ba. Yana narkewa ne a ɗan danshin da ke saman ƙanƙara ya zama ruwan gishiri, shi kuwa ruwan gishiri ba ya daskarewa da wuri kamar ruwan famfo, sai ya riƙa cin ƙanƙarar yana huda ta har ya raba ta da siminti. Amma da zarar sanyi ya wuce kamar digiri 9 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, wato 15 a Farenhait ɗin da ake bugawa a buhunan Amurka, aikinsa ya yi sanyi ƙwarai. Daren Janairu a garinku kuwa sau da yawa yakan zarce haka. Ko buhu guda ka juye, ƙwayoyin za su zauna ne a saman ƙanƙara kamar tsakuwa suna kallonka.

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A irin waɗannan darare kalsiyam kuloraid ake nema, wanda ke fitar da ɗumi yayin da yake narkewa, yana kuma aiki har wajen digiri 29 ƙasa da sifili. Shi ne mai tsadar da ka tsallake. Ban ce ka koma kansa gaba ɗaya ba: sayi ƙaramin mazubi ka ajiye don matakala da ranakun tsananin sanyi, sauran kwanaki mai arahar ya wadatar. Ka juya buhu ka karanta abin da ke ciki, domin wasu haɗi ne, mafi yawansu gishirin dutse da ɗan barbaɗen mai tsadar, amma sunan mai tsadar ne aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba. Ka rufe bakin mazubin sosai, don kalsiyam kuloraid yana jan laima, in ka bar shi a buɗe zai dunƙule ya zama dutse. Kuma da safar hannu ake ɗibar sa.

Rabin buhun nan da ka zuba shi ya fi damuna. Hukumar kula da gurɓatar muhalli ta jiharku, Minnesota, tana cewa cikin kofin shayi guda, mai cin kamar mililita 350, ya isa hanyar shigar mota gida mai tsawon mita 6. A warwatsa shi, tsakanin ƙwaya da ƙwaya kamar faɗin yatsu uku ko huɗu. Ita dai hukumar ta ce cokalin shayi ɗaya na gishiri yana gurɓata kusan lita 19 na ruwa, kuma ba ya fita. Rarar da ka zuba tana kashe ciyawar gefen hanya, tana cin ƙarfen ƙofa, ragowar kuma yara su kwaso ta a takalmi su shafa wa kafet ɗin da ake salla a kai. In simintin matakalar bai shekara da zubawa ba, kada gishiri ya taɓa shi sam, fuskarsa za ta riƙa ɓarewa.

Abin da ya kamata ka fara saya ma shebur ne. Dusar ƙanƙara tana da sauƙin turewa kafin a taka ta. Da an bi ta kai sau biyu uku ta danne, kashegari ta zama gilashi. A kwashe tukuna, sannan a yayyafa gishiri kan abin da ya rage. Dokar Minneapolis ta ba mai gida na iyali ɗaya ko biyu awa 24 bayan dusar ta tsaya ya share hanyar ƙafa ta gaban gidansa.

Ni ɗaliba ce a Berlin. Maƙwabciyata ta yi mini faɗa don ta gan ni ina zuba gishiri a gaban gida. Kuma wai makon nan ni ce da sharar ƙanƙarar gaban gida. Ni da nake haya, ina ruwana?

'Yar'uwa, maƙwabciyarki ta fi ki gaskiya a duka biyun, ko da ba ta iya faɗa ba. A Berlin an hana mutane zuba gishiri a hanyar ƙafa saboda yana lalata saiwar bishiyoyin gefen titi, kuma akwai tara. Abin da aka yarda da shi yashi ne ko niƙaƙƙen dutse. Waɗannan ba sa narkar da komai, ƙafa kawai suke ba wa abin kamawa, shi ya sa ba ruwansu da ko sanyi ya kai nawa. A kanti ki nemi buhun da ke da tambarin Blauer Engel, alamar babu gishiri a ciki.

Batun shara kuwa, asali nauyin mai gida ne, amma a Jamus yana iya ɗora wa 'yan haya ta takardar haya. Ɗauko taki ki duba. In an rubuta, to ranar da layi ya zo kanki wani ya zame ya karye, ke za a iya nema da diyya. Saboda haka ki tambayi ko kina da inshorar nan ta ɓarnar da mutum ya jawo wa wani, wadda yawancin Jamusawa ke da ita. Kuɗinta a shekara bai taka kara ya karya ba. In za ki yi tafiya a makonki, ki yi musanya da wani tun da wuri.

A Bradford muke. Maigida yakan tafasa ruwa a buta ya kwarara a matakala kafin ya fita Asuba. Ba ya fi sauƙi ba?

Ya fi sauƙi na minti goma. Ruwan zai huce ya sake daskarewa, wannan karon sumul, marar launi, wanda ido ba ya gani a duhun Asuba, kuma mai dawowa daga masallaci shi zai fara gwada shi. Hukumomin Ingila kansu suna gargaɗi a kan haka. Ku daina, haka ma watsa ruwan wanke-wanke ko na alwala a waje kamar yadda muka saba a tsakar gida. Ku kuma duba bututun da ke sauko da ruwan rufi. In a kan hanya yake zuba, a karkatar da shi zuwa ciyawa. Sanyinku bai cika kai na Kanada ba, ɗan gishirin dutse da daddare kafin a kwanta ya isa.

Mahaifiyata za ta zo daga Damagaram ta zauna da ni a Toronto saboda haihuwa. Shekarunta sun haura sittin, ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba. Wane takalmi zan saya mata?

Allah ya raba lafiya, ya kawo Hajiya lafiya. Ki saya tun kafin ta sauka, ki tafi da shi filin jirgi, don da silifas ko takalmin fata mai sulɓin ƙasa za ta zo. Ki nemi but, wato takalmi mai rufe idon sawu, mai ƙasan roba mai laushi da zane mai zurfi, marar tsini, ya ɗan fi ƙafarta girma saboda safa mai kauri. Ki juya shi ki danna ƙasan da babban yatsa: in ya yi tauri kamar robar bokiti, a sanyi zai ƙara tauri ya yi santsi, ki ajiye shi komai kyansa.

Akwai kuma abin da ake ɗaura wa ƙasan takalmi, roba mai ƙananan ƙusoshi ko zagayen waya, irin su Yaktrax. Yana riƙe ƙanƙara sosai, amma a kan tayil ya fi ƙanƙarar santsi, dole a cire shi a bakin kanti ko asibiti. In Hajiya ba ta iya sunkuyawa da sauƙi, wannan cire-da-sawa zai gundure ta ta daina, don haka ki sa kujera a bakin ƙofa.

Ki nuna mata tafiyar: taku gajere, tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, jiki ya ɗan rankwafa gaba, hannuwa a waje ba cikin aljihu ko ƙarƙashin mayafi ba. Zani ko abaya a ɗage su kaɗan kada su shiga ƙarƙashin but a matakala. Za ta so ta goya jariri ta fita da shi, kin san halin kakanni. Ki lallashe ta ta bari sai kin fara leƙawa kin ga an share an zuba yashi, ita ta riƙe ƙarfen matakala, ke ki riƙe yaron.